Kafin Ka Rufe Bangon Ɗakin Manshiya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga mahaifinka, Iliyasu maso, wato magini, a unguwar Gurda ta garin Sabha, zuwa ga ɗana Abba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sa kun shiga gidan nan a sa'a, ya tsare ku daga sharrin da ke cikinsa da wanda ke wajensa, ya sauke matarka lafiya.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni. Tsakanin Gurda da unguwarku ta Manshiya ba nisan da ake yi wa mutum takarda ba ne. Amma kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ka ci, don haka ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Akwai abin da bakina ba zai iya faɗa maka ido da ido ba, shi ya sa na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta na zauna. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da cokalin gini ba ya jin daɗin biro.

Ran Asabar da ka zo kwashe sauran kayanka, ka tsaya bakin ƙofa ka nuna mini wani abu a waya. Wani mutum ne yana manna farin soso mai tauri a jikin bango, yana rufe shi da allon jibs, farin allon nan da ake silin da shi, kafin a ƙifta ido ya gama ɗaki guda ko gumi bai yi ba. Ka ce haka za ka yi wa ɗakin matarka kafin sanyi ya sauka, tunda gidan tsohon ginin bulo ne. Na ce maka Allah ya taimaka. Ka fita kana ganin ban damu ba, alhali tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Niyyarka mai kyau ce, kuma aikin ma ba laifi ba ne idan an yi shi yadda ya kamata. Abin da ya dame ni ɗaya ne. Matarka za ta haihu a tsakiyar sanyi, nan da wata biyu in Allah ya yarda, kuma a cikin ɗakin nan za ta yi jegonta. Ina so ranar arba'in ta fito daga cikinsa da ƙafafunta, da jaririnta a baya. Kai makanike ne, hannunka ya san ƙarfe amma bai san bango ba. Ni kuwa shekara arba'in ke nan ina cin abinci da bulo da siminti a garin nan, kuma rabin abin da na sani ɓarna ce ta koya mini. Zan faɗa maka ɓarnar. Zan fara da ƙananan, don babbar sai na tattara ƙarfina.

Lokacin da na fara komawa gida Damagaram bayan shekara uku a Sabha, kaina ya kumbura. Na iya jera bulo, na iya 'yan kalmomin Larabci, ina ganin duk wanda ke kwana a ɗakin ƙasa bai waye ba. Na ce wa kakanka zan gina masa ɗaki irin na mutane. Bai hana ni ba. Na gina, na yi shafe, na shafa shuɗin fenti, mutanen ƙauye suka zo kallo. Da bazara ta kama, kwana shida kawai ya yi a ciki. A na bakwai na tarar ya mayar da tabarmarsa tsohon ɗakinsa, ya sa an zuba buhunan gero a nawa. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ilu, ɗakinka ya yi kyau ƙwarai. Hatsi zai ji daɗinsa." Na yi fushi har na ƙi cin tuwo ranar.

Tsohon ya fi ni gaskiya. Bangon ƙasa mai kauri ne, yana riƙe sanyi da zafi a waje. Bulo kuwa ba shi da amana. Yini yake yi yana shan rana, da magariba ta yi sai ya juye maka ita a cikin ɗaki, da sanyi kuma ka jingina da shi ka ji har cikin ƙashinka. Saboda haka kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka san bangonka tukuna. Ka ɗora tafin hannunka a kan kowane bango da la'asar, ka sake ɗorawa bayan sallar asuba. Wanda ke fuskantar waje shi ne abokin aikinka, musamman na yamma da na arewa. Wanda ke tsakanin ɗaki da ɗaki ka ƙyale shi, bai yi maka komai ba. Ka kuma hau sama ka duba rufin kankaren, don sau da yawa ana zagin bango alhali rufi ne mai laifin. Sannan ka auna ɗakin da gadonta da durowarta, domin kowane bangon da ka rufe zai ci maka kusan faɗin tafin hannu. Na taɓa ganin wanda ya gama aiki tsaf, ƙofar ɗakin ta ƙi buɗuwa.

Ɓarna ta biyu a unguwar Abdulkafi na yi ta, gidan wani dattijo Balarabe mai mutunci. Ɗakin mahaifiyarsa yake so a rufe wa bango saboda tsohuwar ba ta jure sanyi. Da na shiga na ga fentin ƙasan bangon ya kumbura, wani farin abu kamar kanwa yana fitowa daga cikin shafen. Na san ma'anarsa sarai. Ruwa ne ke bin bangon daga wani wuri, yana bushewa yana barin gishiri. Amma wani aiki yana jirana, kuma na ce a raina ai garin nan ko ruwan sama ba a yi, ina laima za ta dawwama? Na kankare wurin da cokali, na share da tsintsiya, na rufe. Aikin ya yi kyau a ido.

Bayan shekara guda ya aiko a kira ni. Tun daga bakin ƙofa na ji warin. Ƙasan allon ya yi baƙi, ka taɓa shi da yatsa ya lotsa. Da muka ɓalle, bayan duk fumfuna ce, ashe bututun banɗaki ne ke ɗiga a cikin bangon tun kafin na zo. Tsohuwar kuma wata huɗu tana tari an rasa dalili. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya Iliyas, ka ga farin abin nan ranar, ko ba ka gani ba?" Na ce na gani. Ya ce, "Da ka ce ba ka gani ba, da na ce jahili na ɗauko, laifina ne. Yanzu ban san abin da zan kira ka ba." Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na gyara aikin da hannuna, amma ban sake iya bin layin gidansa ba.

Don haka idan ka ga laima ko gishiri a bangonka, kada ka rufe. Ka bi sawun ruwan har ka gano inda yake fitowa, ko bututu ne, ko tankin sama, ko ramin bayan gidan maƙwabci. A gyara, a fasa ruɓaɓɓen shafen har sai bulo ya fito, a bar shi ya bushe sosai, ko da zai ci maka mako uku. Na san halinka, ba ka son jira, tun kana ƙarami ba ka bari kunu ya huce. A wannan karon ka jira.

Sai maganar wayar lantarki. Na taɓa barin waya tsirara tana gogar soson a wani shago, na bar soket ɗin can ciki don ƙyuyar jawo shi waje. Ka san yadda wutar garin nan take, a ɗauke ta a dawo da ita da ƙarfi. Rannan mai shagon ya ji ƙaurin roba, Allah ya sa da rana ne kuma yana kusa. Ka kira mai aikin lantarki na gaske, ba abokinka na gareji ba, ya zura wayoyin cikin bututu, ya fito da soket daidai fuskar sabon bangon. Kuma kada ka bar soson a buɗe ko a bayan durowa, don yana cin wuta kuma hayaƙinsa mugu ne. Ka rufe shi duka da jibs. In ka samu ɗaya abin nan mai kama da auduga wanda wuta ba ta kama shi, ya fi, sai dai ka rufe hanci da hannu wajen aikinsa saboda ƙaiƙayi.

Yanzu na zo inda nake gudu.

An gaya maka cewa mahaifiyarka ta rasu kana da kwana goma sha ɗaya, ciwon jego ya ɗauke ta. Ni na faɗi haka, kowa daga bakina ya ji. Ba haka ba ne, Abba.

Na ɗauko ta daga gida tana da shekara goma sha tara. Ba ta taɓa sanin akwai irin sanyin Sabha a duniya ba. Ƙafafunta suka tsage, in ta taɓa ruwan bokiti da safe sai ta yi ta hura yatsunta, amma ba ta taɓa cewa a mayar da ita gida ba. Cikinka ya tsufa daidai shigar sanyi. A lokacin muna gina wa wani ɗan kasuwa ɗakin sanyi na ajiye nama, aka samu ragowar soson, shugaban aikin ya ce in ina so in kwashe. A kaina na ɗauko su har gida. Kullum in na taso aiki bayan la'asar sai in yi kaɗan, har na rufe bangon ɗakinta duka, na bi da falankin katako. Ɗakin nan ne na kusurwa da muke ajiye tarkace yanzu.

Tsofaffin ɗakunan garin nan, in ka ɗaga kai za ka ga magina sun bar kafar iska can sama kusa da rufi, bulo ɗaya ko biyu da aka kwantar ramukansa na kallon waje. Na dube ta na ce ga ɓarauniyar da ke shigo mini da sanyi. Na cusa takardar buhun siminti a ciki, na shafe. Na bi gefen taga da tsumma na liƙe. Ƙarƙashin ƙofa na buga robar taya don kada iska ta bi ta nan. Ban bar ko inda allura za ta shiga ba, kuma ina alfahari da hakan. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. Ranar da na gama, uwarka ta shiga ta zauna bakin gado, ta cire mayafin da ta yi wata guda ba ta rabu da shi ba, ta ce, "Maigida, yau na ji kamar ina ɗakin Innata." A duk zamana a duniya ba a taɓa gaya mini maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Gwaggonka Hajo, yayata, ita ta ƙetaro sahara a bayan babbar mota don ta kula da jegon. Ta zo da kanwarta da kayan yajinta, ta yi duk abin da aka yi wa uwarmu da kakarmu: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, da garwashi a kasko a ƙarƙashin gado don jikin mai jego ya gasu. A gida haka ake yi tun fil azal. Sai dai a gida ƙofar ɗaki asabari ne, iska na shiga ta fita yadda ta ga dama. Ni kuwa na mayar da ɗakin kamar tulun da aka toshe. Gwaggonka ba ta san abin da na yi wa kafar iskar ba, ni kuma ban san garwashi yana da wani aiki bayan ɗumi ba.

Makon farko Allah ya rufa asiri, don mata na ta shiga da fita barka, ƙofa ba ta zama a rufe. Bayan suna ƙafa ta ɗauke. Uwarka ta fara cewa kanta na ciwo, jiri na ɗibarta. Muka ce ai jego ne, a ƙara mata kunu. Ranar ta goma sha ɗaya na leƙa da safe zan tafi aiki, tana ba ka nono, ta ce in sayo mata dabino in zan dawo. Da hantsi gwaggonka ta yi mata wanka, ta zuba sabon garwashi, ta ɗauke ka ta fito da kai tsakar gida inda rana take, don uwarka ta samu ta yi barci. Ta ja mata ƙofa. Da azahar ta shiga da kwanon kunu, ta tashe ta, ba ta tashi ba.

A kan bango aka same ni, aka ce in sauko. Mun kai ta asibiti a motar maƙwabci, ni dai na san tun a hanya babu ita. Likitan ya duba ta, ya fito ya same mu ni da gwaggonka a baranda, kana goye a bayanta. Ya tambaye ni da Larabci, akwai gawayi a ɗakin? Na ce akwai. Ƙofa a rufe? Na ce a rufe. Taga fa, ko wata kafa? Na ce duk a toshe suke. Ya ce garwashi yana fitar da wata guba wadda ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta. In ɗaki a toshe yake sai ta taru, ta sa mutum ciwon kai, ta sa shi barci, daga nan shi ke nan. Ya dube ka ya ce, "Wannan fa, a ina yake lokacin?" Na ce a waje. Ya ce in gode wa Allah.

Gwaggonka ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya a lokacin. Ta riƙe mini hannun riga tana cewa, "Ilu, me ya ce? Me ya same ta?" Na dubi fuskarta, matar da ta yi kwana da kwanaki a kan buhuna cikin sahara saboda ni. Na ce, "Yaya, ya ce kwana ne ya ƙare. Jinin jego ne ya hau mata kai." A nan na kafa ƙaryar, kuma a kanta na zauna shekara ashirin da shida.

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki guduma na fasa kafar, na ɓalle katakon da soson na zubar. Mutane suka ce baƙin ciki ne, na bar su a haka. Gwaggonka ba ta koma gida ba, ta zauna ta raine ka. Ni kuma na riƙa gaya wa kaina cewa don ita na yi shiru, kada ta ɗauki alhakin a ranta. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Na ji tsoron a ce maso guda ya gina wa matarsa kabari da hannunsa.

A nan na ajiye biro ran Talata. Niyyata in roƙe ka ka riƙe maganar a cikinka, in gwaggonka ta zo jegon matarka ka yi dabara ka ɓoye kaskon. Jiya Laraba da hantsi na fito na same ta a tsakar gida ta fito da kaskon tana wankewa, ga ƙullin kanwa a gefe, tana 'yar waƙarta. Ta ce, "Ilu, ka yi wa mai gawayi magana ya ajiye mini buhu guda mai kyau, na ƙirya in da hali. Yarinyar nan siririya ce, sai ta gasu sosai." Na jawo kujera na zauna gabanta, na ce, "Yaya, ajiye kaskon nan, akwai maganar da na riƙe miki." Na faɗa mata duka, tun daga takardar buhun siminti har abin da likitan ya ce.

Har na gama hannunta yana cikin ruwan wankin. Na zaci za ta yi kuka ne, ko ta ce ita ta kashe ta, na ma shirya abin da zan ba ta haƙuri da shi. Sai ta ɗago ta ce, "Mata nawa na gasa a unguwar nan bayan marigayiya?"

Ta fara ƙirga mini su: "Matar Sale direba, haihuwa biyu. 'Yar gidan mai shayi. Yarinyar nan 'yar Kano da mijinta ya tafi ya bar ta. Duk wadda ba ta da uwa a kusa, Hajo ake kira. Ina fita da kaskon nan ta gabanka, kana ce mini a dawo lafiya."

Na ce, "Yaya, ina zagayawa in duba ɗakunan, in ga ko akwai kafa."

Ta ce, "Duka?"

Ban iya yi mata ƙarya ta biyu ba. Sau biyu na duba. Sauran ina wajen gari wurin aiki, addu'a kawai na yi daga can.

Ta ce, "Kai ka toshe, ni na hura, ba wanda ya sani a cikinmu, wannan Allah ya gani. Amma shirun nan, Ilu, kai kaɗai ka yi shi. 'Ya'yan mutane ka sa a hannuna ka rufe mini ido."

Waɗancan matan suna raye ne don mazansu ba su iya aiki kamar ni ba, ɗakunansu duk kafofi ne. Daga baya ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, "Da ban fito da yaron ba fa?" Na ce da biyu muka binne. A nan ne ta rufe fuska da zane. Da ta natsu ta ce za ta je jegon, ba mai hana ta, za ta yi wanka ta dama kunu, amma wuta a tsakar gida za ta tsaya. Ta kuma ce, "Ka gaya wa yaron. In ba ka gaya masa ba kafin Juma'a, ni zan gaya masa." Tun jiya ba ta sake yi mini magana ba, abincina ma a bakin ƙofa na same shi.

To ga abin da nake so ka yi. Ka rufe bangon, amma ka ɗaga kai ka nemi kafar iskar ɗakin. In tana nan ka yanka allon daidai ita, ka sa mata raga saboda ƙwari, ka bar ta a buɗe. In wani mai wayo irina ya riga ya toshe ta, ka fasa. Za ka ji sanyi kaɗan na shigowa, zuciyarka za ta ce ka cusa tsumma na kwana ɗaya tak, kada ka saurare ta. Garwashi kada ya shiga ɗakin, ko na gashi ko na shayi, ko da an ce ya gama ci ya yi ja ba hayaƙi, don wannan ɗin ne ya ɗauki uwarka. Daffayar gas, abin ɗumama ɗakin nan, ita ma haka, injin wuta ma ka ajiye shi nesa da taga. Ku yi amfani da daffayar lantarki. Ranar da aka ɗauke wuta, kuma za a ɗauke, a hura garwashi a tsakar gida a dafa ruwa, a cika jarka da ruwan zafi a naɗe da zane a sa mata a ƙafa, a ƙara bargo. Idan ta ce kanta na ciwo ko jiri na ɗibarta, kada kowa ya ce jego ne. Ka buɗe ƙofa, ka fito da ita da jaririn, ku tafi asibiti. Ka gaya wa matarka wannan da kanka, ka gaya wa abokanka masu iyali, kada ka ji kunyar cewa a gidanku aka yi.

Kuma duk ranar da ka yi ɓarnar da za ta iya cutar da wani, a gareji ne ko a gida, ka faɗa tun da zafinta. Toshe kafar nan ban san abin da nake yi ba. Shirun kuwa da sanina na yi shi, kullum safiya ina sabunta shi, kuma shi ne abin da nake jin tsoron a tambaye ni gobe ƙiyama.

Abba, ka tashi ba ka san ɗumin uwa ba, kuma aikin hannuna ne sanadi. Kana ƙarami ka sha tambayata yadda take, ina cewa je ka wurin gwaggonka. Ba don na manta ba ne. Ban taɓa roƙonka komai ba, yau ina roƙonka biyu. Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya yanzu ba, ba zan ga laifinka ba, zan jira iya kwanan da ya rage mini. Na biyun kuwa ba ya jira: ka bar ni in zo in ga ɗakin da idona kafin a shigar da gadonta. Ba sai ka yi mini magana ba. Ka bar ƙofa a buɗe ka tafi garejinka, in duba in fita.

Allah ya tsare ka a fitarka da shigarka. Allah ya raba matarka da abin da ke cikinta lafiya, ya raya shi a kan musulunci, ya sa ya san uwarsa har ya ga furfurarta. Allah ya saka wa gwaggonka da Aljanna, ya sanyaya mata zuciya a kaina. Ban taɓa kiran sunan mahaifiyarka a gabanka ba, yau zan rubuta shi. Allah ya ji ƙan Halima, ya yalwata mata kabarinta, ya sa ta yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Iliyasu.